Ƙafar Kafinta

Ranar da ta fara ganinsa, a kan ƙyaure aka shigo da shi ɗakin gaggawa. Kafinta ne, ya faɗo daga rufin gida. Ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya leƙo, kafaɗarsa ta dama kuma ta goce.

Ita ce nas ɗin da ke bakin aiki. Ta yanke ƙafar wandonsa da almakashi, ta danna idon sawunsa don jin ko jini na kaiwa.

"Motsa min yatsun nan."

Ya motsa su yana cije leɓe, idonsa a kanta.

Kawunsa da ya rako shi ya ce, "A ɗaure mana kawai, mu kai shi wurin maɗori."

"Baba, ka yi haƙuri, ba inda za shi. Ciwon a buɗe yake, ƙasa ta shiga. In aka ɗaure haka ruɓewa zai yi, a rasa ƙafar."

Ta rufe wurin da bandeji mai tsabta, ta yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Likita ya mayar da kafaɗar, aka wuce da shi tiyata, aka wanke ƙashin aka kafa masa ƙarafa.

Sati uku tana wanke masa ciwon. Ranar sallama ya ce, "Nas, in na rasa mai yi min faɗa a gida, wa zan kira?"

Ta yi dariya, ta rubuta masa lambarta a bayan katin magani. Daga nan kullum suna waya, har soyayya ta ƙullu.

Da maganar aure ta kai kunnen mahaifinta, sai ya murtuke fuska. "Wanda zai ƙare a kan sanda? Ga ɗan aminina nan, lafiyarsa ƙalau."

Kafinta ya ji labari, ya ja baya. Kwana huɗu babu kira. Ta tura masa saƙo:

"Jarumina, wannan shirun fa? Ka yi atisayen yau?"

"Na ji wani yana zuwa gidanku da mota. Ni ko tsayuwa ba na iyawa."

"Shi ya ji da motarsa. Kai nake jira. Tashi ka taka."

Ya tashi. Taku biyar a tsakar gida, gumi sharkaf. Washegari takwas. Wata bakwai ana haka, har hoto ya nuna ƙashi ya haɗe, aka cire ƙarafan.

Da ƙafarsa ya je gidansu, babu sanda, sai ɗan ɗingishi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida mahaifinta, durƙuson da ya yi sati biyu yana gwadawa a ɗaki.

Tsohon ya dubi ƙafar da ya durƙusa a kanta. Can ya ce, "Tashi ka zauna, yaro, kar ɗiyata ta ce na ɓata mata aiki. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure kawun nan ne ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a: "Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka!"

Jama'a suka amsa da amin.