Zaɓen Farko a Garejin Baba Walt

"Emmett, idan ka ɗauki yaron nan, ka sani ka kashe mana aure!"

Corinne ce ta faɗa, ta tare ƙofar gareji tana riƙe da ƙugu. Emmett ya rungume takardunsa a ƙirji kamar za a ƙwace masa.

"Haba rabin raina... kin kuwa ga bidiyonsa? Ya doki ƙwallo ta haure katangar fili ta faɗa cikin tafki!"

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya... amma mutum miliyan huɗu suka kalla!"

"Shekararsa goma sha tara! Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babban rukuni ba. Ko gemu bai fito masa ba!"

Shekara ashirin da shida ke nan, duk Asabar ɗin ƙarshen watan Maris, dangin Zielinski na garin Toledo a Amurka suke taruwa a garejin mahaifinta, Walt, su yi zaɓen 'yan wasan besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda. Kowa ya haɗa ƙungiyarsa a takarda da 'yan wasan gaske, abin da suka buga a fili tsawon kaka shi ne makinsa. Kujeru goma ne. Ɗaya ta mahaifiyarta Lorna ce, tun rasuwarta shekara uku babu wanda ya zauna a kai. Wannan kujerar ce Corinne ta roƙa wa Emmett.

Wata biyu da suka wuce Emmett ya je neman aurenta. Walt bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi, "Bari in ga yadda kake zaɓe tukuna." Corinne kuwa, ko za ta mutu da son Emmett, ba za ta yi aure babu albarkar tsohon nan ba. Ita kaɗai ta rage masa.

Tun daga ranar Walt ya mai da teburin abincin Lahadi wurin wa'azi a kan Nico Baraja, yaron da duk duniya ke kururutawa. "Surutun intanet ne kawai!" in ji shi. "Namijin da idonsa ke bin sabon abu mai ƙyalli, ranar da matarsa ta yi furfura ɗaya zai fara waige-waige."

Ga shi an jefa sunaye a hula, ƙuri'ar zaɓen farko ta faɗa kan Emmett.

"Don Allah, masoyina," muryarta ta yi laushi. "Ka ɗauki Hal Brubaker."

"Brubaker? Mai shekara talatin da huɗu? Kallon wasansa barci yake sa ni!"

"Amma kowace shekara yana kawo maki. Yaron nan ko ni, ka zaɓa."

Suka shiga. Ƙamshin albasa da pierogin Gwaggo Dot, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, ya cika garejin. Kawu Gus, ƙanin Walt, yana tsaye gaban farin allo da alƙalami. Walt na kan kujerarsa ya zuge rigar sanyi har wuya, fuska babu annuri.

"Baƙonmu, kai ne na farko," in ji Kawu Gus. "Kada ka ji tsoro, mutum biyu kawai muka taɓa kora."

Emmett ya dubi takardunsa, inda ya zagaye sunan Nico da jan biro har sau uku. Ya dubi Corinne.

"Hal... Brubaker," ya faɗa kamar ana zare masa haƙori.

Wani sanyi ya ratsa ta. Ta juya don ta ga fuskar mahaifinta, wanda shi ne na biyu.

"NICO BARAJA!"

Walt ya miƙe zumbur har kujera ta kife. Ya tuɓe rigar sanyin, sai ga rigar wasa a ciki, sunan yaron ɓaro-ɓaro a baya!

"Na same shi! Gus, rubuta! Rubuta da manyan baƙaƙe!"

"Baba!" Corinne ta dafe ƙirji. "Kai da ka ce surutun intanet ne?"

"In ban ce haka ba, ta yaya zai bar mini shi? Kin ga bidiyon tafkin nan kuwa?"

"Wata biyu ina kuka a ɗaki saboda wa'azinka!"

"Walt, ba ka da kunya," in ji Gwaggo Dot. "Ka yaudari yaron mutane da 'yarka!"

Ana cikin haka wayar Kawu Gus ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, dariya ta fara cin sa.

"Yaya... sanarwa ce daga kulob ɗin yaronka. Sun mai da shi ƙaramin rukuni. Wai bai iya dukan ƙwallo mai lanƙwasa ba, sai ya ƙara ƙwari. Wataƙila Agusta... wataƙila baɗi."

Dariya ta ɓarke, har Gwaggo Dot ta ƙware. Walt ya ɗaga kujerarsa ya zauna a hankali. Corinne ta buɗe baki za ta ƙara masa, sai ta ga inda yake kallo. Kujerar Lorna yake kallo, wadda Emmett ke zaune a kai.

"Da tana nan da ban yi ba," ya ce. "Duk shekara sai na haukace a kan wani yaro. Da na buɗe baki sai ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. In yi ta fushi har gida, ina cewa ta cika sa ido."

Ya share hanci da hannun sabuwar rigar, ya dubi Emmett.

"Kana son yaron nan kamar yadda nake sonsa, na gani a idonka. Me ya hana ka?"

"Ita ta ce kada in ɗauka, Yallaɓai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ni sai da tawa ta tafi na gane gatan da nake da shi. Kai ka ji maganar taka tun tana gabanka. Na ba ka ita. Kuma ka daina ce mini Yallaɓai, Baba za ka ce."

Corinne ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya, Emmett kuwa ya rasa abin yi sai ya rungume Kawu Gus.

Da zagaye na biyu ya zo kan Walt, idonsa ya sake ƙyalli.

"Akwai wani ɗan shekara ashirin, an ce jifansa kamar..."

Corinne ta sa dunduniya ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Hawaye suka gangaro wa Walt, bai share ba.

"Daidai yatsan da uwarki take takawa," ya ce a hankali. "Gus... ba ni wani tsoho irin Brubaker."