Rigar Auren Regina

"Azumi nake yi, Azariya! Sau nawa zan gaya maka?"

"Azumin wata uku, Yemima? Ko fasto bai taɓa yin haka ba!"

Ta ture kwanon tuwon accar da na kawo mata. Yemimata ke nan, wadda a da in ta ɗaga murya a cikin mawaƙan coci har bencin baya sai an ji.

Ni na ja mana. A gidanmu a Kafanchan, duk amaryar da za ta shigo, rigar auren yayata Regina take sakawa zuwa coci. Ranar da Yemima ta gwada, zif ya ƙi rufewa. Na kwashe da dariya, na ce, "Masoyiya, sai ki rage tuwo fa!"

Ita ma ta yi dariya. Washegari ta fara azumi.

Mamana har yabonta take a zumuntar mata: "Yarinyan nan akwai tsoron Allah!" Zif ya rufe. Rigar ta zo ta yi mata yawa, sai an kama da fil. Amma in ta tsaya gaban madubi sai ta ce, "Dubi cikina... har yanzu ina da ƙiba."

A 1994 kuwa, in mutum ya rame, magana ɗaya ce a bakin jama'a: kanjamau. Mama ta canza murya.

"Ka ja baya tukuna, ɗana."

Na ja. Wata biyu ban taka gidansu ba, ni da nake kiranta rabin raina. Tsoro ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Sai da ta faɗi a kasuwa mahaifiyarta, Mama Afiniki, ta kai ta asibiti a Jos, ta aiko a kira ni. Gwajin jini lafiya lau.

"Sunan ciwon anoreksiya," in ji likitan. "Ba azumi ba ne, ba taurin kai ba ne. Tsoron ƙiba ne ke kama tunani har mutum ya kasa ci, kuma yana kisa. Ba magana ɗaya ke kawo shi ba. Amma mai shi yana bukatar nasa a kusa."

Na durƙusa a bakin gadonta ina kuka.

"Ki yafe mini maganar tuwon nan, Yemima..."

"Wannan na yafe tuntuni." Ta zare zoben alkawarin da na sa mata, bai ko yi mata gardama ba, ta sa a tafin hannuna. "Wata biyun nan ne na kasa, Azariya. Kullum ina duban ƙofa."

Ta fi shekara tana jinya, cokali bayan cokali, likita da mamanta na gefe. Ta warke.

Bayan shekara uku na je bikinta a Kwoi, ita da wani malamin makaranta, Martins. A bencin baya na zauna. Ta shigo kumatunta sun dawo, tana dariya irin ta da.

Na ji wata mata a gefena na cewa angon ne ya kai ta wurin tela da kansa, aka gwada ta, aka ɗinka rigar daidai jikinta.