Rabin Kujerar Da Ya Bar Mata

"Sekar, zo ki ga wani abu."

Yadda muryar Kinanti ta fita ne ya sa 'yar goggonta ajiye kofin shayi. Walimar bankwana abokan aiki suka haɗa wa Kinanti a wani gidan kofi da ke unguwar Blok M a Jakarta, don ranar Juma'a za ta sa hannu a takardar aikin jinya a Doha, shekara uku ba dawowa. Ita kuwa ta bar su da kek ɗinsu, ta je ta tsaya gaban tsohon akwatin hoton da ke lungu, irin mai labulen nan da ke wanke hoto da kansa ya turo shi a jiƙe.

A gilashinsa an maƙala zirin hoton gwaji. Fuska ɗaya, sau huɗu, ta tsohon saurayinta.

Damar.

"Kin ce min ya yi aure a Bandung," ta faɗa a hankali. "Kin ce har kayan aikinsa ya sayar."

"To... haka na ji."

Kinanti ta zare hoton ta juya bayansa. Rubutunsa ne da fensir, ranar da ya canza wa injin ruwan wankin hoto. Kwana shida kacal da suka wuce.

"A bakin wa kika ji?"

Sekar ta shiga gyaran mayafin da bai goce ba.

Shekara biyu ke nan da Damar ya je gaida Bapak, mahaifin Kinanti. Tsohon ya ƙare wa yatsunsa masu tabon ruwan wanki kallo, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai jinyar injinan da suka girmi kakarsa ba. Kinanti ta ce wa Damar ya yi haƙuri, za ta shawo kansa. Wata bai cika ba lambarsa ta daina shiga.

"Mai gyaran namu kike kallo, Mbak?" in ji mai gidan kofin, da kiran girmamawar da ake wa mace a nan. "Aikinsa ba a magana, zama ne dai bai iya ba. Kullum a gefe, rabin hoton labule zalla. Na ce masa, Mas, ka zauna tsakiya mana mutane su ga kyan abin. Sai ya yi min murmushi."

Kinanti ta sake kallon hoton. Ya takure a hagu, kafaɗarsa har tana fita daga hoton.

Gefen dama nata ne. Tun hotonsu na farko ta ce nan ne gefenta, saboda tabon da ke haɓarta.

"Ba ni lambarsa, don Allah."

"Ba ya bayarwa. Duk sati biyu sai dai mu gan shi da jakarsa."

Sati biyu. Yau Litinin, kafin ya sake zuwa nan Juma'a ta wuce.

Damar ya taɓa gaya mata irin akwatunan nan bakwai ne suka rage a duk Jakarta, kuma ba sa zama wuri ɗaya. In mashaya ta rufe, sai a ɗauke akwatin a kai wata. Washegari ta ɗauki hutu ta hau babur ɗin haya.

A wata mashaya a Kemang masu goge kofuna suka bi hijabinta da ido.

"Mbak, masallaci yana gaba kaɗan."

"Na yi azahar ɗina. Akwatin hoto nake nema."

Yana can bayan kujerun da aka kife. A hoton gwajin Damar a hagu, gashinsa ya ƙara tsawo. Gefen dama babu kowa.

A Cikini aka ce an ɗauke shi tun bara. A Tebet ta sami wani akwatin a shagon aski, a hoton Damar da tabarau, ya rame. Ta daɗe tsaye, yatsanta a kan labulen da ke cikin hoton, har mai askin ya turo mata kujera.

Laraba da yamma Ibu, mahaifiyarta, ta tare ta a ƙofar kicin.

"An ce an gan ki kina shiga mashaya da rana tsaka."

"Damar nake nema, Ibu. Bai yi aure ba."

Ibu ta ci gaba da juya miya.

"Tunda kika ce Doha, Bapak ɗinki ba ya gama abincinsa. Jiya na ji yana cewa ai gyaran inji ma sana'a ce." Ta ɗanɗana gishiri. "Ban gaya miki komai ba."

Alhamis ta hau wani siririn bene a Glodok, saman shagon magungunan gargajiya. Akwati na shida. Ta juya bayan hoton gwajin ta duba ranar. Yau sati biyu cif.

Ta zauna jira. Aka kira la'asar, ta sauka ta yi salla ta dawo. Ruwa ya kece, titi ya cika. Matar da ke kula da wurin ta kawo mata shayi na uku ba ta tambaye ta komai ba.

Ƙarfe biyar ta miƙe. Gobe da safe za a miƙo mata biro. In ba rabon su haɗu, aƙalla ta bar masa amsa inda zai gani.

Ta shiga ta ja labulen, wanda bai wuce gwiwa ba. Ta matsa dama, ta bar hagu, ta danna.

Haske ya walƙa. Ɗaya.

"Mbak, da kin jira," wata murya ta faɗa daga waje. "Ruwan ya tsufa, hoton zai..."

Maganar ta tsaya. Ta san fararen takalman asibitinta yake kallo.

Biyu.

"Mas Damar," ta ce, da kiran girmamawar da ta saba yi masa. "Wurinka yana nan."

Labulen ya motsa. Uku.

Ya zauna, rigarsa sharkaf, yana warin ruwan sama da na ruwan wanki. Ba wanda ya kalli gilashi.

Huɗu.

Injin ya fara gurnani a bayansu. Minti huɗu yake ɗauka, ita ma ta sani.

"Ina maigidan?" ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Wane maigida?"

"Sekar ta nuna min hoton baikonki a waya. Ke da wani mai gemu, ana miƙa zobe."

"Baikon yayata ne. Ni faranti na riƙe musu. Yanke ta aka yi daga hoton." Ta share ido da bakin hijabi. "Kai da ka cika min kunne cewa hoton waya ba abin yarda ba ne?"

Ya rufe fuska da tafukansa.

"Na zaci Bapak ne ya samo miki wanda ya fi ni. Na ce kar in zame miki kaya, Kinan."

"Shi ya sa ka zagaye gari kana ɓata wa mutane hoton gwaji?"

"Na gwada zama a tsakiya." Ya yi ɗan murmushi. "Ba ya yiwuwa."

Ta gaya masa zancen Doha, da Juma'a, da abincin da Bapak ba ya gamawa.

"Za ki sa hannun?"

"Za ka je gaida Bapak?"

Ya kalli yatsunsa. "Tabon nan ba ya fita fa."

"Ka zo da shi haka."

Hoton ya faɗo. Damar ya ɗauko shi ta gefe yana hura masa iska. Gaskiyarsa, ruwan ya tsufa, komai ya yi dishi-dishi. Na farko ita kaɗai. Na biyu ita kaɗai, ta juya kai. Na uku hannu da labule. Na huɗu kujerar ta cika.

"Bai yi kyau ba," ya ce. "Bari in canza ruwan mu sake."

Ta karɓe shi, tana jin danshinsa a yatsunta, ta juya bayansa inda yake rubuta rana.

"Ba ni fensir ɗinka."