Ƙahon da Mikail Bai Kama Ba

Ranar da Zuwaira ta fara ganin Mikail, a durƙushe yake a ƙofar gidansu a Madabo, yana ɗinke ƙafar wani sa da igiya ta yanka a wasan hawan ƙaho. Babanta, Alhaji Gwadabe mahauci, ya ce ta kawo ruwan zafi. Ta tsaya can nesa da butar.

"Matso, Malama," in ji Mikail. "Ya fi ki jin tsoro."

Ta dubi san, ta ga jikinsa na ɓari. Ta dubi likitan dabbobin, sai nata jikin ya ɗauka.

Wata biyar yana zuwa zance. Shi yana ce mata Zuwaina, ita kuma Likitana. Da manyansa suka zo neman aure, Alhaji bai yi musu kwana-kwana ba.

"Gidan nan na mahauta ne. Tun kaka da kakanni, mai neman 'yarmu sai ya hau ƙaho. Ga Ɗayyabu ɗan ƙanina, sau tara yana hawa, shi ma yana sonta."

Labari ya iso wa Zuwaira. A filin wasan nan sa ya soke yayanta Musa, har yau bai ƙara takawa ba. Ta ɗauki waya ta tura wa Mikail saƙo.

"Likitana, don girman Allah kar ka zo. Gara in rasa aurenka da in ga an ɗauko ka a tabarma."

Kwana biyu shiru. Ɗayyabu ya cika unguwa da cewa ɗan boko ya ari na kare. Zuwaira ta yi ta kuka, ita kanta ba ta san wanne take tsoro ba, zuwansa ko gudunsa. Da safiyar Juma'a saƙo ya shigo.

"Zuwaina, ni ma tsoro nake ji, shi ya ɗaure min baki. Amma ina zuwa. Ki yi min addu'a, ki yi wa san ma."

Bayan la'asar kalangu ya ɗauka. Aka jawo baƙin sa, igiya a wuya, igiya a ƙafar baya, samari na murɗa masa wutsiya suna jibgarsa don ya haukace. Zuwaira na cikin mata, ta damƙe hannun gwaggonta.

Mikail ya shigo fili, ba laya ba guru. San ya sunkuyar da kai ya taho, ƙahonin suka zo masa daidai hannu.

"Kama! Kama!"

Ya miƙa hannu, sai kuma ya janye. San ya ɗauke shi ya watsar. Zuwaira ba ta ga sauran ba, a jikin Gwaggo ta sulale.

A asibiti aka ce hannu ya karye, da haƙarƙari biyu. Alhaji ya tsaya a kansa, fuska a murtuke.

"Yaro, ƙaho ya zo hannunka. Me ya sa ka janye?"

"Baba, na hagun ya tsage daga gindi, jini na tsattsafowa. Da na rataya, da a hannuna zai ɓalle."

Alhaji ya fita. Ya je ya duba san da kansa, ya tarar haka ne. Shekara arba'in yana cikin shanu, amma bai gani ba. Kunya ta kama shi. Ya dawo ya zauna a bakin gadon.

"Duk filin nan wasa muke kallo, kai kaɗai ka kalli san. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. An yi kalangu har yamma, ba a jawo sa ko ɗaya ba. Alhaji ya dafa kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a masu tausayi."

Da ɗaki ya rage su biyu, Zuwaira ta riƙe lafiyayyen hannunsa gam.

"Ka ƙara tsorata ni haka, Likitana, ɗayan ni zan karya."

"Na tuba, Zuwaina," ya ce, yana dariya yana dafe da haƙarƙari.