Fenti a Kafaɗar Rigar Japheth

Aikina ke nan a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru: a kawo mini toka ko ƙura ko ɓarɓashin fenti, in faɗi daga inda suka fito. Don haka da mota ta buge mijina Japheth a cikin keke napep ɗinsa ta kashe shi ta gudu, ban tsaya ga kuka ba. Na sa reza na yanko inda fenti ya manne a kafaɗar rigarsa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, hawa uku ne: ja a ƙasa, ruwan toka, shuɗi a sama. Na rantse sai na gano motar nan. Ba shuɗiyar motar da za ta wuce ban bi ta da harara ba.

Wata Asabar da magariba na fito daga kasuwar Sabon Gari da ledar tumatir. Wani napep ya tsaya a gabana, ban ma tare shi ba.

"Samaru," na ce.

Direban bai juyo ba.

Mun ɗan taɓa tafiya sai na lura ba na jin ƙarar inji. Hon, kiran salla, hayaniyar 'yan kasuwa, duk sun ɗauke. Sai warin fetur, da na man zafin da nake shafa wa Japheth a baya in ya dawo aiki.

Na dubi kafaɗar direban. Rigar a yanke take, daidai inda na sa reza.

"Maman Christabel," ya ce can ƙasan maƙoshi, "ki bar neman nan."

Na ce, "Ba zan bari ba."

"Kuka biyu za ki yi."

"Kai ni inda motar take."

Ya yi ajiyar zuciya. Muka shiga unguwar Muchia. Ya tsaya.

Ya fara juyowa. Wuyansa na ƙara kamar busasshen kara.

Na diro, na faɗi a kan gwiwa. Da na ɗago, babu napep, babu sawun taya. Tumatir kawai, a warwatse.

A ƙofar gidan ƙanena Mordecai nake. Ga motarsa, fara fat, sabon fenti har yana wari. Duk shuɗiyar motar Zariya na zarga, ban da tasa, wadda ta kai ni coci ranar aurena.

Na zaro mukulli na kankari gefen fitila. Ran Litinin na duba. A ƙarƙashin farin: shuɗi, ruwan toka, ja. Na maimaita gwajin ina roƙon Allah ya sa kuskure na yi. Ban yi ba. Na kifa kai a kan teburi na yi kukan da aka ce zan yi.

Har yau ban faɗa wa kowa ba. Mordecai, wanda ya riƙe gaban akwatin gawar, yana zuwa duk Lahadi da burodi, ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Jiya 'yata ta shigo da gudu tana murna.

"Mama, Kawu ya ce zai riƙa kai ni makaranta a motarsa!"