Tambarin Gindin Buta

Ana gab da magariba na sauka daga okada a unguwarmu Sabo, riƙe da sabuwar buta cikin na gwajin da muka fitar a wurin aiki. Aikina sassaƙa rubutu a jikin ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, a wata ƙaramar masana'anta a Akinyele. A juye muke sassaƙawa, don ya fito daidai a jikin kaya.

Alhaji Uwaisu, ɗan kasuwa, shi ya kawo zanen, wai a sa masa a gindin butocinsa. Ashe layar kakansa ya farke ya kwafo hatimin ciki, don kasuwa ta buɗe. Ni kuwa, sakarai, kwana uku ina bin layi a juye ban gane ba. Na zurfafa shi, na goge gefuna sumul don roba ta saki ƙarfe. Har yabon kaina nake.

Matata Muhibbat tana tuyar awarar sayarwa a tsakar gida. Ta karɓi butar, ta cika ta, ta shiga bayi da ita.

Ladan ya fara kira. Sai na ji ƙaurin roba.

Sannan ƙara, kamar an maka buhu da bango.

"Jafaru," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Akwai wani a nan."

Na banke ƙofar. Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Wani abu da ba na gani ya shaƙe ta, yana buga kanta da bango. Jini na bin kunnenta.

Na yi kanta. Aka ɗauke ni da mari, haƙorina ya faɗi a siminti.

Murya ta fito daga bakin butar, a hankali.

"Shekara tamanin sunana na naɗe cikin fata. Kai ka kawo shi masai."

Wallahi tsoro ya kama ni. Amma idanun Muhibbat sun fara juyewa.

Na fizgi butar. Zafi kamar garwashi. Aka murɗe min hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ban saki ba.

Na ja jiki zuwa murhu. Na ture kaskon. Na danna gindin butar cikin wuta da tafina.

Robar ta narke, ta bi yatsuna.

Hatimin ya shafe.

Na ji faɗuwar matata, sannan tari.

Muhibbat ta rayu, amma kunnenta na hagu ya daina ji. Yatsuna uku sun manne. Washegari na sa aka goge ƙarfen nan tas. Na nemi Alhaji, aka ce tun jiya ya kwashi butoci arba'in na gwaji, ya hau mota a tashar Ojoo, ya rarraba wa matafiya sadaka.

Yanzu duk gidan da na shiga, kafin sallama ta ƙare na ɗaga butarsu ina duba gindi. Mutane na cewa na taɓu. Shida na samu zuwa yau.