Tsirkiya Mai Santsi

Batir ta zo nema ranar, irin ƙananan nan masu kama da maɓallin riga da ake sa wa na'urar kunne. Mahfuz na zaune a shagonsa na gyaran rediyo da sifika a bakin Kasuwar Litinin ta Maiduguri, ba ciniki, ya rungume jitarsa ta lantarki yana kaɗawa. Da ya ɗaga kai ya ga budurwa cikin laffaya ruwan toka, sai ya ƙara salo, kamar yadda kowane saurayi zai yi.

Ta tsaya har ya gama. Shi kuwa ya gyara zama yana jiran yabo.

"Kiɗan da daɗi," ta ce da Hausarta mai gardin Kanuri. "Amma ɓeran da ke cikin jitar nan, ba ka ba shi abinci ne?"

Bai gane ba sai da ta sa ya maimaita. Ashe duk sanda ya ja yatsunsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, sai su yi ƙii, wata siririyar ƙara mai tsinin allura. Shekara tara yana kiɗa bai taɓa lura da ita ba. Kunya ta kama shi, so ma ya kama shi, duk a minti ɗaya, har ya ba ta batirin agogo a maimakon na kunne. Dole ta dawo washegari ta canza. Har yau yana rantsuwa ba da gangan ya yi ba, ba kuma wanda ya yarda.

Sunanta Aisa, 'yar unguwar Abbaganaram. Shi iyayensa Kanawa ne, amma a unguwar Bolori aka yanke masa cibiya. Ba a yi wata biyu ba ya raɗa mata Kunnena, don ita ke jin abin da ba ya ji. Ita kuma ta maƙala masa Mai Ɓera, kuma da shi ta ajiye lambarsa.

A hankali ya san dalilin kaifin kunnenta. Mahaifinta, Alhaji Ba'ana, tsohon ɗan kasuwar yadi ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce bam ya tashi kusa da shi, ya tsira da ransa amma kunne ya lalace. Da na'ura yake ji, ita kuwa na'urar ba ta da tausayi, duk ƙara mai tsini sai ta cusa masa ita har cikin ƙwaƙwalwa. Gidan ya koma cin abinci da cokalin roba. Rediyon da Alhaji ke kwana da shi a da, an naɗe shi a zane an ɗora kan sif. Yaran gidan sun tashi ba maganar da suka fi ji daga bakinsa kamar "a rage."

Mahfuz ya san duk wannan, amma soyayya ta hau masa kai. Ya naɗi wani kiɗa da ya tsara mata, ya tura ta waya. Ita kuma da zumuɗi ta buɗe a tsakar gida, daidai lokacin da Alhaji ya fito alwala. Da jin ƙii ɗin farko ya fizge na'urar daga kunnensa ya dafe bango. Kwana uku ya yi a kwance da ciwon kai.

Da ya tashi ya tambayi ko wane ne mai kiɗan, aka faɗa masa shi ne yaron da ke shirin turo magabata. Ya ce kada su wahalar da kansu. Saƙon Aisa ya iso wa Mahfuz da la'asar:

"Baba ya ce a'a. Ya ce ba kiɗa ya tsana ba. Wai mutumin da ya shekara tara bai ji ƙarar hannunsa ba, ba zai ji kukan matarsa ba. Mutanen Zayyad sun zo, ya ce su dawo bayan babbar Sallah. Ni dai ban canza ba, Mai Ɓera."

Zayyad ɗan aminin Alhaji ne, mai shagon wayoyi, mutum mai iya ƙasa da murya a gaban manya. Saura wata biyu Sallah.

Abokai suka ce wa Mahfuz ya sayar da jitar kawai a wuce wurin. Ya ƙi. In ya sayar, ƙarya zai yi wa tsohon, don ya san wata rana zai sayi wata. Kuma maganar Alhaji ta soke shi, saboda gaskiya ce. Ya gwada shafa wa tsirkiya mai, ya gwada ɗaga yatsu, ɓera dai na nan da ransa.

Wani kwastoma ne ya kwatanta masa gidan Baba Wilson a Wulari, dattijon da ya tsufa yana kaɗa jita a coci. Tsohon ya saurare shi, ya yi dariya, ya miƙo masa tasa jitar ya ce ya shafa. Mahfuz ya ja yatsa daga sama har ƙasa, sumul, ba ƙii ba ƙaa. Baba Wilson ya yi masa bayani cewa tsirkiyar da kowa ya sani, zagayayyiyar waya aka nannaɗa mata, shi ya sa take da gurji-gurji da ke kama fatar yatsa. Wannan kuwa, da suke kira filat, faffaɗar waya aka naɗa aka goge ta.

"Amma ka sani, ɗana, za ta ƙwace maka ƙyalƙyalin sautinka," in ji shi. "Muryarta ƙasa-ƙasa ce, ga tauri. Sai ka sake koyo."

A duk Maiduguri ba a samu ba, sai daga Legas aka yi oda, ta yi mako uku a hanya. Da ta iso ya ɗaura, ya kusa kuka. Sautin ya fito dum-dum, ba ya dogon amo, ga tsirkiyar ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya saba. 'Yan ƙungiyarsu da suke zuwa bukukuwa suka ce jitarsa ta kamu da mura, suka ɗauki wani. Ya yi musu fatan alheri. Kullum ya rufe shago bayan azahar sai Wulari, tsoho na buge masa hannu duk sanda ya yi gaggawa.

Kuskurensa shi ne ɓoye wa Aisa, wai yana so ya ba ta mamaki. Zayyad kuwa yana da ido a ko'ina. Saƙon Aisa ya shigo:

"An ce kullum keke na sauke ka a wani gida a Wulari, mai 'yan mata uku. Ina nan ina faɗa da kowa a kanka. In ka gaji, faɗa min da bakinka."

Nan take ya rubuta mata:

"Kunnena, budurwar tawa ta Wulari shekararta saba'in da biyu, tana da furfura a gemu. Na yi laifi da na ɓoye miki. Gobe ki zo shago, akwai saƙon da za ki kai wa Baba."

Ta zo fuska a ɗaure. Ya ɗauki jitar, ya kaɗa mata kiɗan nan da ya jawo masifa. Ta karkata kai tana jiran ɓera, har aka gama bai fito ba. Idonta ya ciko. Sai ya miƙa mata ambulan, a ciki tsirkiya biyu ne, tsohuwa da sabuwa. Ya ce kada ta roƙi Baba komai, ta ba shi kawai ya taɓa. Mutumin da ya shekara talatin yana gane shadda da yatsa ba ya bukatar dogon bayani.

Daga baya Aisa ta ce Alhaji ya daɗe yana murza su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi abin da yaron ya rasa saboda canjin, ta faɗa masa. Sannan ya ce Mahfuz ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, kiɗa ɗaya tak. In ya cire na'urarsa, magana ta ƙare.

Ranar Mahfuz ya durƙusa a zaure ya gaida Alhaji da Kanuri ya ce, "Wushe, Baba," ya jona 'yar sifikarsa, ya rage ta har ƙasa. Ya san Aisa na bayan labule, don ƙamshin humrarta ya riga ta isowa. Tsoro yake ji ƙwarai, amma ya fara.

Sautin ya fito da kauri da ɗumi, a natse. Yatsunsa na zamewa sama da ƙasa ba abin da ke biyo su. Ana tsakiyar kiɗan sai hannun Alhaji ya tashi ya nufi kunne. Zuciyar Mahfuz ta yanke, amma bai tsaya ba, ya ce a ransa ko korarsa za a yi sai ya kai ƙarshe.

Alhaji ya gyara wa na'urar zama, ya tura ta ciki sosai. Ya nuna sifikar da haɓa, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana," ya ce, "ɗan ƙara."

Bayan labule aka ji wani abu ya faɗi, sai kukan Aisa da na mahaifiyarta a haɗe. Shekara goma sha ɗaya ba a ji wannan kalma daga bakinsa ba.

Sati uku bayan Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Ba'ana. Zayyad ya zo, ya yi musabaha, ya nuna halin girma. Baba Wilson ya zauna a sahun dattawa sanye da hular Zanna da ango ya saya masa. Da za a fita da amarya, Alhaji ya riƙe hannun su biyun ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa su riƙa jin juna tun kafin a ɗaga murya. Aka amsa da amin.

A sabon gidansu na Bolori, Aisa ta ɗauki wayarta za ta canza masa suna, ta daɗe tana kallon Mai Ɓera, sannan ta bar shi yadda yake. Duk Juma'a bayan la'asar kuwa suna Abbaganaram, don Alhaji ba ya yarda a fara shayi sai surukinsa ya jona sifika.